Madubin da ke haɗa ido da rana

Ina yaro na tsinci wani tsohon gilashin ƙara girman rubutu a akwatin Baba. Da tsakar rana sai in saita shi a kan busasshen ganyen darbejiya, hasken ya taru ya zama ɗigo ɗaya, kafin ka ce kwabo hayaƙi ya tashi. Faɗin gilashin bai kai tafin hannuna ba.

Shi na fara tunawa ranar da na ga hotunan da na'urar hangen rana ta Inouye ta fitar a Janairun 2020. Tana can kan dutsen Haleakala a Hawayi, tsayin sama da mita 3,000, madubinta kuwa faɗinsa mita 4. To in ɗan gilashina ya ƙone ganye, ina ga wannan? Inda haskensa ke taruwa, ƙarfe ma narkewa zai yi. Don haka injiniyoyin suka girka wani ƙarfe mai 'yar ƙofa a tsakiya, ruwan sanyi na zagaya shi, yana tare kusan kashi 95 cikin 100 na zafin kafin ya isa sauran madubai. Da dare kuma suna haɗa ƙanƙara, su yi sanyaya da ita in gari ya waye. Wallahi wannan dabarar ta fi girman madubin burge ni.

Sai matsalar iska. Duk wanda ya taɓa hangen kwalta a watan Afrilu ya san yadda komai ke rawa-rawa. Haka iska ke yi wa hoton rana. Maganinta wani siririn madubi ne mai 'yan matosai 1,600 a bayansa, suna tura shi suna ja sau 2,000 a daƙiƙa guda, yana miƙe hasken da iska ta lanƙwasa. Kafin ka ƙifta ido ya canza siffa sau ɗaruruwa.

Hoton fuskar rana da ya fito ya yi kama da kunu yana tafasa, sai dai kowane kumfa faɗinsa kusan kilomita 1,000 ne. Daga nisan kilomita miliyan 150 ana rarrabe abin da bai wuce kilomita 30 ba.

Ni dai abin da nake jira su gano da ita shi ne: fuskar rana zafinta kusan digiri 5,500 ne, amma sararin da ke samanta ya haura miliyan ɗaya. Yaya za ka matsa nesa da murhu, zafi kuma ya ƙaru?