Abin da ramukan silikon suka koya mini

Faifan silikon (abin da ake ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki da shi) da aka goge sumul, ido ba ya gane ta wace fuska aka yanko shi daga kiristal, wato dunƙulen da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru a tsari ɗaya. Sai an tsoma shi a ruwan KOH, wani sinadari mai cin silikon, mai zafin wajen digiri 80, sannan asirinsa ke fitowa. Sinadarin ba ya cin kowace fuska daidai. Fuskar da masana ke kira (100) yana cinta kusan maikiron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a minti, ita kuwa (111), inda ƙwayoyin zarra suka fi cunkushewa, da ƙyar yake taɓa ta. Shi ya sa idan ka rufe fuskar (100) da abin da sinadarin ba ya ci, ka bar ƙaramar taga murabba'i, ramin da zai fito tamkar dalar gyaɗar Kano ce aka kife, bangonsa a karkace da digiri 54.7, ko wa ya yi aikin.

Darasin farko da na ɗauka ke nan: siffar rami ita ce shaida. Mai kusurwa huɗu, fuskar (100) ce. Alwatika, (111) ce. Da madubin ƙara girma kawai za ka faɗi inda kiristal ya fuskanta, kafin a kai shi na'urar hasken eksire ta hanyar Laue, wadda ta samo asali daga gwajin Munich na 1912, domin auna karkatar digiri ɗaya ko biyu da ido ba zai kama ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne guga. Sinadari ba ya bambance aibin da kiristal ya zo da shi da ƙarzanen da hannunka ya yi masa. Duk inda tsarin ya gurɓace, nan zai fi ci. Wanda ya yi gaggawar guga zai ga ramuka jere a layi, ya ƙirga su a matsayin aibi, alhali sawun takardar yashinsa ce. A ganina rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a buɗe kwalbar sinadari.

Haɗe-haɗen fito da aibi irin su Sirtl da Secco duk akwai asid ɗin HF a ciki. Wannan yana cin gilashi, don haka a robar musamman ake zuba shi, kuma yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba. Ba mu fara aiki sai man kalsiyam gulukonet, maganin gaggawa na ƙunar HF, yana kan tebur, kuma ba a yin sa mutum ɗaya a ɗaki.