Na daina jin tsoron tuwo

Wallahi shekara 2 na yi ina fama da maganar rage ƙiba, yau a ce ki bar tuwo gobe a ce shinkafa ce matsalar, har shayin rage tumbi na saya na sha cikina ya dinga murɗawa. Da rana kokwamba da ruwan ɗumi, ƙarfe 11 na dare kuma in tashi in cinye burodi a tsaye a kicin kamar mai sata. Ba kwaɗayi ba ne fa, jiki ne aka hana haƙƙinsa yake ramawa.

Yayata mai aikin jinya ce ta min bayanin wata hanya da masana abinci biyu a Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fito da ita a 1995. Ki ci in kin ji yunwa, ki tsaya in kin ƙoshi, ki daina raba abinci gida biyu wai mai laifi da mara laifi. Ta ce amma mai ciwon suga ko hawan jini ya bi maganar likitansa.

Jiya da safe na je kasuwar Wunti a Bauchi na sayo masa da zafinta da miyar taushe, na zauna kan tabarma na ci a hankali ba waya a hannuna. Ina gama ta biyar na ji ya isa, na rufe sauran na ajiye wa ƙanwata in ta taso daga makaranta. Rabon da in ci masa gabana bai faɗi ba har na manta, Alhamdulillah.