Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekaruna a Hannun Baba Rabaran

Makon jiya na tsaya a daidai inda aka tura ni ƙarƙashin Baba Rabaran bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki. Wasu sun aiko suna tambaya me ya sa nake yawan ambatonsa, alhali ba shi ya keɓe ni in zama fasto ba, ba kuma danginmu ba ne. Dalilin wata maganarsa ce da ta ƙi fita daga kaina har furfura ta cika shi. Yakan ce, "Aikin da ba ya tafiya sai kana nan, naka ne, ba na Ubangiji ba."

Ban daɗe da zuwa ba ya sa sunana cikin jerin masu wa'azi, kuma a sujadar safiyar Lahadi, lokacin da majami'a take cika maƙil. Na same shi na ce, "Baba, ai ban kai ba." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, yaushe za ka kai? Ranar da aka binne ni?"

Ranar Lahadin sai ya bar kujerarsa ta kusa da bagade, ya koma bencin baya inda masu makara da mata masu goyo suke zama, riƙe da ɗan littafi da biro. Litinin da safe ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya fara da abin da ya yi kyau, bai kuwa yi rowar yabo ba. Sannan ya buɗe littafin nan. Ya ce na karanta nassi da farko, daga nan ban sake waiwayarsa ba har na ce amin. Ya ce, "Gwauruwar nan da ke benci na uku, wadda muka binne mijinta wancan watan, me ta tafi da shi gida?" Na yi shiru. Haka muka riƙa yi kowace Litinin. Bai taɓa yi mini gyara a gaban jama'a ba. Da wasu dattawa suka yi gunaguni wai an ba yaro mumbari, sai ya ce musu shi ya sa ni, duk mai ƙorafi ya kawo masa.

Ba wa'azi kaɗai ba. In za shi gaida marar lafiya, ni ke bin sa, mu zauna, ya saurari mutum har ya gama kukansa, sai kawai ya ce, "Malam zai yi mana addu'a." Baiko kuwa, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a sujada, ya hana ni taɓa shi ni kaɗai. Sai da mutum biyu a zaune, a ƙirga, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ya nuna mini 2 Korintiyawa 8, inda Bulus ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa a kan kuɗin gudummawa don kada wani ya sami abin zargi. Ya ce in manzo guda bai yarda ya riƙe kuɗi babu shaida ba, ni wane ne.

Yana son labarin Musa da Joshuwa ƙwarai. Abin da yake jan hankalinmu a kai a Littafin Ƙidaya 27 shi ne Musa yana da ransa da ƙarfinsa ya tsai da Joshuwa a gaban Ele'azara firist da dukan taron jama'a, ya ɗora masa hannu kowa yana gani. Sannan yakan wuce zuwa Mahukunta 2:10, inda aka ce wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ya rufe Littafin ya ce mu je mu yi tunani.

Wannan ne ya sa abin da ya faru da ni daga baya, a wata ikkilisiya da ba zan kama sunanta ba, yake ci mini rai har yanzu. Na tsallake shekaru da yawa, na sani, amma in ban faɗe shi yau ba zai hana ni barci.

Akwai wani saurayi da ke jagorancin zumuntar matasa. Yaro ne mai kaifin kai, mai riƙe nassi, kuma yara suna jin maganarsa. Na ja shi a jiki kamar yadda aka ja ni, har ajin baftisma na bar masa. Sai muka fita aikin bishara, tafiya ta yi tsanani, ya sulale ya koma gida ba sallama. Abin ya yi mini zafi. Bayan wani lokaci ya dawo da kansa, ya tsaya gaban dattawa ya nemi gafara da hawaye, ya koma yana sharar majami'a ba wanda ya sa shi. Da lokacin shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ya zo, na kawo sunansa don a rubuta masa takardar shaida. Wani dattijo, wanda yake riƙe da kujerar ma'aji tun kafin a haifi yaron, ya ce wanda ya gudu sau ɗaya zai sake gudu.

Na buɗe musu Ayyukan Manzanni 15. Markus ya rabu da su Bulus a Bamfiliya, Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, gardama ta yi zafi tsakanin Bulus da abokin tafiyarsa Barnaba har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Na kai su 2 Timoti 4:11, inda Bulus ɗin nan da kansa, yana kurkuku, ya ce wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi. Dattijon ya ce, "Fasto, kai ba Barnaba ba ne." Sauran suka sunkuyar da kai. A cikinsu akwai waɗanda ni na roƙa aka maido su bayan ikkilisiya ta ladabtar da su, ba wanda ya buɗe baki. Ba su sa hannu ba.

Na koma gida na kasa cin abinci. Maman yara ta ce in bar wa Allah. Ita ma tana da nata 'yan matan da take koya wa jagorancin zumuntar mata, ta san ciwon. Yaron ya tafi wata ɗarika, suka karɓe shi hannu bibbiyu, yau shi ke kiwon garke babba, ya kuma tura matasa da dama makaranta. Duk sa'ad da ya kira ni ya ce "Baba", sai in ji daɗi da takaici a lokaci guda, don namu ne muka ba wasu.

Dattijon nan kuwa ya riƙe kujerarsa har ranar da Ubangiji ya kira shi, bai koya wa kowa ba. Bayan jana'iza aka nemi littafin kuɗi da takardun filin majami'a, ba wanda ya san inda suke. Ikkilisiya ta sha wuya kafin ta farfaɗo. Ba zagin matacce nake yi ba, na yi masa wa'azin jana'iza da zuciya ɗaya. Amma a ranar maganar Baba Rabaran ta dawo mini, aikin da ba ya tafiya sai kana nan, naka ne.

Shi Baba, ranar da ya yi ritaya ba abin da ya tsaya. Makullai sun daɗe a hannunmu, littattafai a jere, kowa ya san aikinsa. Har wani ya ce kamar ba a yi rashin kowa ba, Baba ya ji, ya ce a gode wa Allah. Na ga wasu abokan aikina sun tsufa a kan mumbari, murya ta tafi, ido ya tafi, mataimakansu sun haura shekara arba'in suna karanta sanarwa kawai. In ka yi magana su ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Haƙurin me kuma? Bulus ya bar Timoti a Afisa yana saurayi, ya ce masa kada ya bari kowa ya raina ƙuruciyarsa.

Mako mai zuwa zan koma baya in ba da labarin jana'izar farko da Baba ya bar mini, da abin da surukina ya faɗa a ranar.