Darussan da Na Koya daga Tsaya wa Waɗanda Aka Zalunta a Caji Ofis

Aikina a birnin Katsina shi ne tsaya wa mutanen da aka yi wa laifi, kuma teburina yana cikin caji ofis, ko da yake ba na sa kaki, ba na kama kowa, ba ni kuma nake bincike ba. Abin da na fara fahimta shi ne, da zarar mutum ya kai ƙorafi, shari'ar laifi ta zama tsakanin gwamnati da wanda ake zargi, shi kuwa mai ƙorafi ya koma shaida. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ƙayyade cewa a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotun, ya kuma ba shi damar ɗaukar lauya, kuma hakan adalci ne. Amma wanda aka cuta ba shi da wani wa'adi da aka ɗibar masa, yana iya shafe watanni bai san inda fayil ɗinsa ya kwana ba. Wannan giɓin ne ake so in cike.

Sa'o'in farko sun fi kowane lokaci tsada, musamman a batun fyaɗe. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shansa cikin awa 72 yake amfani, kuma iyaye da yawa ba su san da haka ba. Uwa takan yi wa yarinyarta wanka, ta wanke tufafin da ke jikinta saboda tausayi, alhali a cikin ruwan nan hujjar da kotu za ta nema take tafiya. Ba na ganin laifin uwar da ta yi haka, domin ba wanda ya taɓa sanar da ita. Abin da nake yi shi ne in gaggauta rakiyar su asibiti, in tabbatar likita ya rubuta abin da ya gani, sannan a dawo a ɗauki bayani a tsanake. Haka kuma dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibitoci su karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma har yanzu nakan ga 'yan uwa sun biyo ta caji ofis da mai rauni saboda tsoron a ƙi karɓarsa.

Na kuma lura cewa yadda aka yi tambaya shi ke buɗe bakin mutum ko ya rufe shi. Yarinyar da aka tsayar a kanta, gaban maza, aka ce mata "me ya kai ki can?" ba za ta ƙara cewa komai ba. Idan aka shigar da ita ɗaki, aka ba ta ruwa, aka ce, "'Yata, faɗa mini iya abin da za ki iya, ba laifinki ba ne," sai ka ji bayanin da ɗan sanda mai bincike yake nema ya fito da kansa.

Babban abin da ya fi wahalar da ni shi ne sulhu. Sau da yawa wanda ake zargi ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko ɗan uwa, ko mai shagon bakin layi. Kafin kwana biyu dattawa sun hallara, ana cewa a rufa wa juna asiri, a bar wa Allah, yarinya tana da aure a gabanta. Ina girmama sulhu ƙwarai, kuma na ga yadda mai unguwa ko dagaci ke kashe rikicin gona ko na bashi cikin yini guda, wanda da kotu aka je sai ya ci shekara. To amma sulhun da aka ƙulla a zaure, wadda aka cuta tana cikin gida ba a ko tambaye ta ba, ba sulhu ba ne a wurina, domin yakan bar mai laifi a unguwa tare da sauran yaran mutane. Ba na yi wa uban da ya zo janye ƙara faɗa, saboda na san nauyin da ke kansa. Nakan zauna da shi in ce, "Baba, idan aka rufe maganar nan yau, wa zai tsare 'yar maƙwabcinka gobe?" Wani ya sauya shawara, wani ya tafi da tasa. Ko ya tafi, ina roƙonsa kada ya yanke wa yarinyar zuwa asibiti.

Waɗanda suka daure suka ci gaba kuwa, doguwar hanya ce a gabansu. Manyan laifuka sukan tashi daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuka na rundunar jiha, a gabatar da wanda ake zargi a kotun majistare domin a tsare shi, fayil ya wuce ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, kafin a shiga babbar kotu. Kowane zama da aka ɗage, ga talakan da ya taso daga ƙauye, kuɗin mota ne da yinin aiki guda da ya salwanta. Mutane da yawa ba tsoro ke sa su daina zuwa ba, gajiya ce da rashin jin labari. Shi ya sa na ɗauki kiran waya a matsayin aiki na gaske: in gaya wa mutum ranar zama, in bayyana masa cewa ba da beli ba wanke mai laifi ba ne, in kuma sanar da shi cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, ta ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya.

Akwai kuma waɗanda suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga. Duniya ta ji labarin ɗalibai sama da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, amma waɗanda ke zuwa gabana daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana ba wanda ya san sunansu. Sun dawo sun tarar an sayar da gona da shanu an biya kuɗin fansa, matan cikinsu kuma suna fuskantar tambayoyin dangin miji, waɗanda wani lokaci sun fi zaman dajin ciwo. Galibinsu ba su sa ran za a kama kowa. Abin da suke nema shi ne likita, da wurin kwana, da wanda zai yi wa mijin ko surukan magana, don haka a kan irin waɗannan nakan nemi malamin unguwarsu da wata dattijuwa da gidan ke jin nauyinta, mu je tare.