Golan da ke tsaye ƙiƙam

Yau aka turo wani tsohon bidiyon ƙungiyar Edmonton Oilers a zauren WhatsApp, sai gardamar wa ya fi kowa a hokin ƙanƙara ta sake tashi. Kowa idonsa na kan Wayne Gretzky, tauraron ƙungiyar a lokacin, amma a kalli golan. Tsaye yake ƙiƙam, kariyar ƙafafunsa siririya, faifan robar ya bi ta ƙasa ya wuce gefen takalminsa kafin ya ankara. Golan yanzu gwiwa yake kai wa ƙasa, ya baje ƙafafu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi ya toshe ƙasan raga, salon da tsohon gola Patrick Roy ya yayata. A kakar 1981-82 da Gretzky ya ci ƙwallo 92, kusan ƙwallo 8 ake zurawa a kowane wasan NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka. A 2003-04 abin ya sauko zuwa 5 da ɗoriya. Mai jera alƙaluma bai duba wannan ba, ya auna hatsi da mudu biyu.

Shi ya sa ƙwallo 895 ɗin da Alex Ovechkin ya kai ya karya tarihin Gretzky ranar 6 ga Afrilu 2025, a wasansa na 1,487, daidai yawan wasannin Gretzky, ta fi nauyi a wurina. Sai dai taimakon ci kaɗai Gretzky na da 1,963, ya zarce duka makin Jaromir Jagr, na biyu a tarihi, wato ci da taimakon ci a haɗe, 1,921. A zura ƙwallo na ba Ovechkin, amma na ɗaya har yanzu Gretzky ne.