Zenon a tsohon gidan hitila, wa ke shan wahalar hasken?

Duk wanda ke bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega bayan isha'i ya san abin da nike nufi. Kana tahiya lahiya lau, kun wuce Kalgo, sai wata Corolla ta ɓullo da wani farin haske mai shuɗi-shuɗi kamar ana walda a tsakiyar titi, ka yi mashi fulayit don shi rage, shi ko sai ya ƙara maka don shi nuna maka ai dim ɗinshi ne wanga ka gani tun farko. Daƙiƙa biyu ko ukku ba ka ganin komi. In akwai ɗan kabu-kabu marar danja gabanka ko amalanken shanu da anka ɗoro ma buhunan shinkafa, to sai dai Allah shi kiyaye.

Ni ba ni ƙin zenon, wato kwan hitilar da ke ba da wanga farin hasken, kar a fahimce ni ba daidai ba. Fasaha ce mai kyau wallahi. Kwan halojin da munka saba da shi waya ce siririya ke ƙonewa ciki tana ba da haske, wat 55 shike ci. Zenon babu waya, iskar gas ce da wasu gishirin ƙarfe cikin ɗan kwalba, wuta ke tsallakawa tsakanin tsinke biyu. Shi ya sa dole sai da wagga 'yar akwatin da ake ce ma balas, ita ke ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa sama da bolt 20,000 lokacin kunnawa, daga nan ta sauko. Wat 35 kacal shike ci amma haskenshi ya ninka na halojin, wajen lumen 3,000 ke nan a ma'aunin haske. BMW ne sunka fara sa shi a mota tun 1991, don haka ba sabon abu ba ne, mu ne dai ya iso ma a makare cikin kwali daga Chana.

Inda gizo ke saƙar shi ne gidan hitilar. Mafi yawan motocin da ke hannunmu, irin su Golf 3 da tsohuwar Corolla da 406, gidansu mai madubi ne, wancan kwanon mai ƙyalli da ke bayan kwan. An ƙera shi daidai da inda wayar halojin take zaune, ko milimita guda ba a so ta goce. Kai kuma ka zo ka cusa kwan da haskenshi ke hitowa daga wani wuri daban da wata siffa daban, sai madubin ya watsa shi ko'ina, sama da ƙasa da gefe, har ganyen dogon yaro kana haskawa. Mai motar zai ga gabanshi fari fat ya ce alhamdulillahi kuɗi sun yi aiki, alhali nesa ɗin da yake buƙata bai ƙaru ba, hasali ma hasken da ya taru kusa da bamba shina sa idonshi ya tsuke ya kasa hangen can gaba. Motocin da sunka zo da zenon daga kamfani yawancinsu gidan furojekta gare su, mai ƙwayar gilashi kamar idon sa, da wani ƙarfe ciki da ke yanke hasken a miƙe, ƙasa haske sama duhu. A Turai ma sai an haɗa masu da na'urar da ke daidaita hitilar in anka yi lodi da mai wanke gilashin. Mu nan a zuba albasar Aliero cikin but har bayan mota ya zauna ƙasa, hanci ya kalli sama, sannan ga zenon.

Sai maganar lamba. Yara masu wayarin za su ce maka "Alhaji a sa maka 8000K ko 10000K, ya fi ƙarhi." Ba ƙarhi ba ne, kala ce. Na kamfani 4300K ne, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma shi ya fi kowane haske. 6000K fari ne tas, ba laifi. Daga nan in ka hau sai shuɗi sai shanshanbale, haske na raguwa, gayu na ƙaruwa.

Hitilar hazo kam ni a ganina a ƙyale ta, kar a sa mata zenon. Aikinta ta kwanta ƙasa ta buɗe gefe da gefe ka ga bakin kwalta. In hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ta tokare sama, farin haske mai ƙarhi dawo maka shikai cikin ido, gara mai ruwan ɗorawa irin 3000K ko ma halojin ɗin da ta zo da shi. Kuma gidanta ƙarami ne, ga shi kusa da ƙasa inda ruwa da laka ke dukanshi da damina, balas mai arha ba ya jure wanga.

In ka matsa sai ka sa, to nemi gidan furojekta tukun, ko na Beljiyam ne. Duba lambar kwan motarka, H4 ne ko H7 ko H11 ko 9006, kar ka bari a yanke maka soket a ɗaure da salatif. A jawo wuta kai tsaye daga batir ta rile (ɗan makunnin da ke haɗa wutar) da fiyus nata, don lokacin kunnawa balas na jan wuta da yawa, siraran wayoyin tsohuwar mota sai su yi zahi. Kar a sa zenon a fulayit in kwanshi daban ne, don yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kahin ya cika haske, kuma yawan kunnawa da kashewa na kashe shi da wuri, mu kuwa da fulayit muke gaisawa a hanya. Kar a taɓa kwalbar da hannu, kar a taɓa wayar balas in hitila na kunne.

Bayan an gama, da dare a samu katanga da hili madaidaici, a ja baya kamar mita 7 da rabi, layin hasken ya sauka ƙasa da tsayin hitilar da wajen santimita 5. Akwai sukurun saiti a bayan gidan, aikin minti goma ne amma da wuya ka ga garejin da ke yi sai ka tsaya kansu.

Af, kahin ma ka kashe ko sisi, dubi robar gaban hitilarka. Ranar Kabi ta gasa ta ta koma ruwan ɗorawa ta dushe, wani lokacin ita ce ke cinye hasken gaba ɗaya. Samfefa mai laushi da ruwa da man folish, sai sabon halojin na kirki irin Osram ko Philips, ka gwada wanga tukun ka bi hanyar Argungu ka gani ko har yanzu kana buƙatar zenon ɗin.