Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Malam Ya Sa wa Hannu

A makon jiya na tsaya ne a ranar da likita ya tabbatar mana cewa abin da ke damun maigidana Malam ya wuce gajiya da gigin tsufan da muka saba ji a gida, cutar Alzheimer ce, wadda ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan mantuwa. Bayan an ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum dare, sai asibitin ya sanya shi cikin wani rukuni na tsofaffi bakwai da ke zaman motsa ƙwaƙwalwa, wanda a nan Ingila suke kira CST a taƙaice. Zama 14 ne a cikin mako 7, sau biyu a mako, kowane zama minti 45.

Ban ɗauki abin da muhimmanci ba da farko, domin na ga ana buɗe zaman da waƙa da jefa wa juna ƙwallo mai taushi, ni kuwa raina bai so a mai da mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi ɗan makarantar raino ba. Ranar da aka yi zama a kan kuɗi ce ta sauya mini tunani. Mai jagorantar zaman ta zube tsofaffin tsabobi a kan tebur, irin waɗanda Ingila ta daina amfani da tsarinsu a 1971, sai Malam ya miƙa hannu ya ware su ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan sule ne, wannan sisi, wannan taro, wannan kuma kwabo. Ya gaya musu cewa da irin wannan lissafin yake sayen ƙosai a Zariya tun kafin naira ta zo a 1973, wani tsohon direban bas da ke gefensa ya ce shi ma da sisi yake shiga kallon majigi, suka kama hira kamar tsofaffin abokai. Rabon da in ji muryarsa ta ɗaga haka, an fi wata shida.

A ƙarshen makonnin ne wata ma'aikaciyar asibitin ta ba ni wata takarda game da Join Dementia Research, rajistar da aka buɗe a 2015 domin masu cutar da masu jinyarsu, har ma da masu ƙoshin lafiya, su ba da sunayensu ga masu bincike idan suna so a tuntuɓe su. Ta bayyana mini cewa yawancin binciken ba na sabon magani ba ne. Da yawansu ƙananan gwaje-gwaje ne na matakin farko, inda ake ɗaukar mutane kaɗan a ga ko wata dabara ta kula da majinyaci za ta yiwu ma tukuna: ko mutane za su yarda su zo, ko za su jure har ƙarshe, ko tambayoyin sun yi musu tsawo. Sannan ta ce shi kansa zaman da Malam ya gama ta wannan hanyar ya biyo. Aimee Spector da abokan aikinta a Landan sun fara da ƙaramin gwaji, daga nan suka yi babba da mutum 201 wanda aka wallafa sakamakonsa a 2003, kuma a 2006 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu cutar da ba ta yi nisa ba.

Na koma gida ina lissafin cewa ashe hirar sule da sisi bashi ce muka ci daga wasu tsofaffi da ba mu sani ba, waɗanda suka yarda aka gwada abin a kansu tun ba a san ko zai yi amfani ba.

Babban ɗanmu bai ga haka ba. Da na karanta masa takardar a waya, sai ya ce, "Umma, ba za a mai da Baba zakaran gwajin dafi ba. Kin manta abin da ya faru a Kano?" Ban manta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya san annobar sanƙarau ta 1996, da gwajin maganin Trovan da aka yi da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009, ya san daga inda tsoron kalmar gwaji ya samo asali a wurinmu. Abin da iyayen yaran suka fi kuka da shi shi ne ba a yi musu bayanin da ya kamata ba kafin a nemi yardarsu. Saboda haka a kan batun yarda na tsananta tambaya lokacin da na sake komawa wurin ma'aikaciyar.

Amsar da na samu ita ce, shiga rajistar ba ta wajabta wa mutum shiga kowane bincike, kuma yana da ikon janyewa a duk lokacin da ya ga dama ba tare da hakan ya taɓa jinyarsa ba. Idan kuma cutar ta kai inda ba zai iya yanke hukunci da kansa ba, dokar da aka yi a 2005 ta tanadi a nemi shawarar wani makusancinsa, amma tambayar da za a yi wa makusancin ita ce me majinyacin zai so da yana cikin hayyacinsa. Ra'ayina ni kaina ba shi ake nema ba. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai, domin na gane cewa in har ina son in amsa da gaskiya wata rana, wajibi ne in tambaye shi yanzu, tun yana iya faɗa.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Turancin Malam ya fara zubewa, yana komawa Hausa zalla, kuma a gwajin ƙwaƙwalwa na baya da aka tambaye shi lokaci sai ya ce la'asar ta yi, aka ƙi ba shi makin, alhali kuwa ƙarfe huɗu ake ciki. Muddin irinmu ba sa shiga bincike, ma'aunin zai ci gaba da zama na wasu. Daga baya na sami labarin cewa an daidaita wannan zaman na CST da al'adun mutane an gwada shi a gundumar Hai ta Tanzaniya da kuma wani gari kusa da Ibadan, su ma da rukunoni ƙanana suka fara.

Na zaɓi safiyar wata Asabar bayan ya karya, lokacin da kansa ya fi washewa, na karanta masa takardar ina fassarawa sannu a hankali. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Hajiya, zai warkar da ni?" Na ce a'a, Malam, wataƙila ma sai waɗanda za su zo bayanka ne za su amfana. Ya yi shiru na ɗan lokaci yana juya carbinsa, ya ce to ai shi ma bai ci 'ya'yan mangwaron da ya dasa a gidanmu na Tudun Wada ba. Ya karɓi biro ya sa hannu, ya kuma rubuta kwanan wata, sai dai shekarar da ya rubuta 1984 ce. Na bar ta a haka, na rubuta ta daidai a gefe.

Mako shida bayan nan wayar farko ta shigo daga masu bincike, kuma abin mamaki ni suke nema, ba shi ba. A nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.